Kantin Strand na New York: Jama'a Suka Riƙe Shi Ko Mallakar Gini?

Alƙalami_Ya_Bushe:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ina so mu tattauna kan kantin tsofaffin littattafai na Strand da ke birnin New York, wanda zai cika shekara 100 a 2027. Ga wanda bai san shi ba: wani ɗan ci-rani daga Lituwaniya, Benjamin Bass, shi ya buɗe shi a 1927 yana ɗan shekara 25, da jarin dala 600, rabi nasa rabi rance. A lokacin titin Fourth Avenue, daga Union Square zuwa Astor Place, layin 'yan littafi ne zalla, kantuna 48 suna jere. Yau duk sun watse, Strand kaɗai ya rage.

Duk inda aka ba da labarin nan sai ka ji ana cewa ƙaunar jama'a ce ta riƙe shi. Ni fa ban yarda ba. Ɗan mai kantin, Fred Bass, ya sayi ginin da suke ciki a 1996 kan dala miliyan 8.2. A ganina nan maganar take. Wanda ba a buga masa ƙofa a ƙarshen wata don kuɗin haya ba zai mutu da wuri ba, ko ana son sa ko ba a son sa. Sauran 47 ɗin su ba su da masoya ne?

Akanta77:
Wa alaikumus salam. Ka gama magana, Malam Alƙalami. Ƙauna ba ta biyan haya a Manhattan.

Ɗalibar_Tarihi:
Yaya Alƙalami, ka cire 1927 daga 1996 mu gani. Shekara 69 ke nan kantin yana haya. A cikinsu ya tsallake karyewar tattalin arziki ta shekarun 1930, lokacin da shi Benjamin a cikin kantin yake kwana, ya tsallake Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma tsallake mutuwar layin gaba ɗaya. Lokacin da Fred ya sayi ginin, maƙwabtansu na Fourth Avenue sun daɗe da zama tarihi. To me ya riƙe shi kafin ginin? Kuma ina ya samo kuɗin sayen bene mai hawa 11 a Broadway in ba daga aljihun masu sayen littafi ba?

Baban_Biyu:
Ɗaliba ta ɗaure ka, Malam. Muna jiran amsa.

Alƙalami_Ya_Bushe:
Ba ta ɗaure ni ba. Hayar shekarun 1950 da ta yau ba ɗaya ba ce. Ina magana ne kan abin da ya hana shi mutuwa a zamanin Amazon, kamfanin nan mai sayar da littattafai da sauran kaya ta intanet, ba zamanin kakanninmu ba.

Hajiya_Laburare:
Salamu alaikum 'ya'yana. Kafin ku yi nisa, a gyara abu ɗaya. Cewa Strand kaɗai ya rage daga wancan layin, magana ce da ake yawan maimaitawa, amma akwai Argosy. Louis Cohen ya buɗe shi a 1925, shekara biyu kafin Strand, kuma a Fourth Avenue ɗin ya fara kafin ya koma titi na 59. 'Ya'yansa mata uku suka gaje shi, suka tsufa a cikinsa. Abin da za a iya cewa shi ne Strand ne ya rage a unguwar, domin a 1957 ƙaura kaɗan ya yi, ya zagaya kwana zuwa mahaɗar Broadway da titi na 12.

Amma gyaran nan nawa ya taimaki Alƙalami ta wani ɓangare, don su ma iyalan Argosy ginin nasu ne. Ya kuma buɗe wata ƙofa da babu wanda ya taɓa a cikinku: magaji. Yawancin masu kantunan layin tsofaffi ne da suka ƙare rayuwarsu cikin ƙurar takarda, 'ya'yansu suka yi karatu suka kama wasu sana'o'i. Mai kanti ya rasu, a yi gwanjon kaya, a rufe ƙofa. Fred kuwa tun yana shekara 13 yake aiki a kantin ubansa. 'Yarsa Nancy ta shigo a 1986. Ga kantuna biyu da suka rayu, duka biyun akwai wanda ya karɓa daga hannun uba. Ba na jin wannan dace ne kawai.

Akanta77:
Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Bari in ƙara wa Malam Alƙalami harsashi. Gotham Book Mart, wanda Frances Steloff ta kafa a 1920, babu kantin da marubutan Amurka suka ɗauka gida kamarsa. Yana da gininsa a titi na 47. Aka sayar da ginin, kantin ya koma haya a titi na 46 a 2004. A 2007 an kulle shi kan bashin haya. Littattafan suka ƙare a laburaren Jami'ar Pennsylvania. Shekara uku kacal tsakanin rabuwa da gini da mutuwa.

Ga kuma St. Mark's Bookshop, tafiyar 'yan mintuna daga Strand, ko da yake shi sababbin littattafai yake sayarwa. A 2011 mutum fiye da 40,000 suka sa hannu a takardar roƙon mai ginin, kwalejin Cooper Union, ta rage masa haya. Ta rage ɗin. A 2016 ya rufe duk da haka. Sa hannu 40,000 fa. Da kowannensu ya sayi littafi ɗaya a wata ai da ba a kai ga haka ba.

Mai_Tasi_Bronx:
Ni ba ɗan boko ba ne kamarku, tuƙi nake yi a garin nan, amma wurin da kuke magana na san shi da ƙafata. Ku kuna lissafin miliyoyi, ni abin da na sani kekunan littattafai ne da suke jerawa a bakin titi, a waje. Lokacin da na zo ƙasar nan Turancina na gaisuwa ne kawai. A kan kekunan nan na dala ɗaya na fara sayen littattafan yara, ina karantawa in ina jiran fasinja a filin jirgi. Daga na yara na koma na tarihi. Babu wanda ya taɓa tambayata me na zo yi, babu wanda ya kalli takalmina. Ka tsaya ka yi awa kana dubawa, a gefenka farfesa ne, a ɗaya gefen wanda ba shi da wurin kwana, kowa ya sunkuyar da kai yana tono.

To Malam Alƙalami, in ka ce dala ɗaya tawa ba ita ta riƙe kantin ba, na yarda. Amma dai kada ka ce babu mu.

Gimbiyar_Karatu:
Kawu Mai Tasi, wallahi ka sa na ji wani iri. Allah ya ƙara buɗi.

Alƙalami_Ya_Bushe:
Kawu, ban ce babu ku ba. Cewa na yi ba ku kuka hana a rufe ba.

Hajiya_Laburare:
Duk kuna kallon jama'a ta ɓangaren masu saye. Ku juya ku kalli ɗaya ƙofar. Kantin sababbin littattafai yana aika wa kamfanin ɗab'i oda a kawo masa kaya. Kantin na hannu ba shi da wanda zai aika wa oda. Kayansa daga gidajen mutane suke fitowa: ɗalibin da ya gama makaranta, wanda zai tashi daga gida ba shi da wurin kwali goma, magadan malamin da ya rasu ya bar ɗaki cike. Fred Bass, mai ginin miliyoyin nan, har ya tsufa a teburin sayen littattafai yake tsayawa, yana ɗaga littafi yana yanka masa kuɗi. Ya rasu a watan Janairun 2018 yana da shekara 89. Me ya sa mai gida zai zaɓi wannan teburin ya bar ofis? Don ya san ta nan ran kantin yake shigowa.

Kuma New York ce cibiyar kamfanonin ɗab'i da jaridu na Amurka. Kamfani ya aika wa masu sharhi littafi kyauta, mai sharhi ya tara ya rasa inda zai sa, sai ya kwasa ya kai Strand, su kuma su sayar a ɗakin ƙasa a rabin kuɗi, littafi sabo fil. Shekaru da yawa wannan na cikin abin da ke jawo mutane. Ka ɗauki ginin nan da duk abin da ke cikinsa ka kai garin da ba a tara littafi a gida, ka ba shi shekara biyar, za ka tarar da kantoci a bushe ko da ba ya biyan haya ko sisi. Jama'ar irin wannan kanti su ne dillalansa, su ne kuma masu sayensa. Littafin da wani ya kawo da safe, maƙwabcinsa ne zai saya da yamma.

Ɗalibar_Tarihi:
Mama, wannan ita ce maganar da nake ta nema na rasa yadda zan faɗe ta.

Uwar_Marayu:
Tunda Hajiya ta taɓo magada, bari in faɗi nawa. Da maigidana ya rasu, Allah ya jiƙansa, na kai littattafansa wani kantin na hannu, ba wannan da kuke magana ba. Mutumin ya zauna ya ware kaɗan ya ce waɗannan yake so, sauran ko kyauta ba shi da wurinsu. Abin da ya ba ni bai kai kuɗin motar da ta kwaso su ba. Na fito ina hawaye. Ba kuɗin ne ya dame ni ba, yadda aka auna abin da mutum ya yi shekara talatin yana tarawa cikin minti goma. Don haka in ana yabon kantunan nan a riƙa tunawa ciniki ne, ba gidan marayu ba.

Baban_Biyu:
Allah ya jiƙansa da rahama, Anti, ya raya abin da ya bari.

Akanta77:
Amin. Anti, ba kare shi zan yi ba, amma ga yadda lissafin yake. Littafin da ya saya yau zai iya shekara biyar a kanta kafin mai nemansa ya zo, wani ma har abada. Duk tsawon zaman nan wurin da ya tare ana biyan kuɗinsa, ana biyan wuta da ma'aikaci. Littafi ɗaya da ya fita shi ke ɗaukar nauyin waɗanda suka ƙi fita. Shi ya sa suke saye da arha ƙwarai, kuma shi ya sa suka fi tsoron cikar wuri fiye da rashin kaya. Wanda kuma ya dawo da mu kan gini: Strand yana ajiye da littafi wajen miliyan biyu da rabi. Kirarinsu a da mil 8 na littattafai ne, wato tsawonsu in an jera su, ya koma mil 18. Ka je ka yi hayar wurin ajiye mil 18 a Manhattan ka gani.

Gimbiyar_Karatu:
Ni dai abin da ke kai ni kantin na hannu rubutun mutane ne a ciki. Ka buɗe shafin farko ka ga "zuwa ga 'yata ranar kammala karatunta" da kwanan wata na shekara hamsin baya. Sai ka tsaya kana tunanin yadda aka yi ya baro hannunta. Na taɓa samun wani da mai shi ke faɗa da marubucin a gefen shafi da fensir, daga farko har ƙarshe. Na fi jin daɗin faɗan a kan littafin.

Baban_Biyu:
Ni kuma wannan ne ke kore ni. Wanda ya ja layi da biro a littafi ya ci amanar wanda zai karanta bayansa. Fensir dai a yi haƙuri.

Matafiyi_Sannu:
Tunda an shiga hira, kun san Hay-on-Wye a Wales? Can labarin a juye yake. Ƙaramin gari ne na karkara da ba shi da masu karatun da za su riƙe babban kanti. Richard Booth ya buɗe kantin na hannu a tsohon ofishin 'yan kwana-kwana a farkon shekarun 1960, ya riƙa kwaso littattafai daga Amurka da kwantena. Ranar 1 ga Afrilun 1977 ya naɗa kansa sarkin garin don jawo 'yan jarida. Wasu kantunan suka biyo baya, aka fara bikin adabi a 1988. A nan kanti ne ya haifi jama'a, ba jama'a suka haifi kanti ba. Hajiya, wannan bai karya maganarki ta kantoci a bushe ba?

Hajiya_Laburare:
Bai karya ba, ɗana. Ai da bakinka ka ce da kwantena ya riƙa kwasowa. Daga gidajen wasu jama'ar ya samo, nesa ce kawai.

Mai_Zaure:
Jama'a a dawo New York don Allah. Wales a buɗe mata nata zaren.

Ƙwadago_Haƙƙi:
To bari in dawo da ku, amma ba za ku ji daɗi ba. Kuna ta cewa jama'a, jama'a, babu wanda ya ambaci masu ɗaukar kwalayen. Ma'aikatan Strand suna cikin ƙungiyar ƙwadago tun 1976, abin da ba kasafai ake samu a kantin littafi ba. A watan Maris na 2020 da korona ta shigo an sallami mutum 188. Kantin ya karɓi rancen tallafin gwamnati na fiye da dala miliyan ɗaya. A wannan shekarar dai aka gano Nancy Bass Wyden ta sayi hannun jarin Amazon na fiye da dala dubu ɗari. Amazon fa, wanda take kira abokin gaba. An sani ne saboda mijinta Ron Wyden sanata ne daga jihar Oregon, dole a bayyana irin wannan ciniki. Sai ga ta a watan Oktoba ta rubuto wasiƙa tana cewa ciniki ya faɗi da kusan kashi 70 cikin ɗari, jama'a su kawo ɗauki. Mai bene a Broadway tana neman ɗauki wurin irin su Kawu Mai Tasi. A Disambar 2024 ma sai da ma'aikatan suka yi yajin aiki na 'yan kwanaki kan albashi, ana tsakiyar cinikin ƙarshen shekara.

Ɗalibar_Tarihi:
Duk abin da ka faɗa haka ne. Amma ka ƙarasa labarin wasiƙar. A ƙarshen makon nan oda fiye da 25,000 ta shigo ta intanet har shafinsu ya tsaya, layi ya zagaye kwana, ana cikin annoba. Kuma da yawansu sun san labarin hannun jarin, don an yi ta yayata shi. Yaya Alƙalami, a 2020 ginin na nan, shekara 24 da saye. Me ya sa ginin bai isa ba sai da aka kira mutane?

Alƙalami_Ya_Bushe:
Tambaya ce mai kyau. Amsata: ginin ne ya ba ta damar kaiwa Oktoba har ta rubuta wasiƙa. Mai haya tun watan Yuni an yi waje da kayansa.

Mai_Tasi_Bronx:
A'a, akwai na haya da mutane suka ceta. Westsider, ƙaramin kantin na hannu a can saman Broadway. A Janairun 2019 suka ce za su rufe, 'yan unguwa suka haɗa dala 50,000 cikin 'yan kwanaki, aka fasa. Ina wucewa ta wurin.

Akanta77:
Kawu, an fasa a ranar. Karo-karo sau nawa za a yi wa kanti ɗaya?

Ƙwadago_Haƙƙi:
Ɗaliba, ni abin da layin nan ya nuna min shi ne mutane na son wurin, ba mai wurin ba. Kuma wurin ma'aikata ne suka yi shi. Tun zamanin Fred duk mai neman aiki sai ya yi 'yar jarrabawa, a ba shi sunayen littattafai da na marubuta ya haɗa kowane da nasa. Wanda zai gaya maka littafin da ka manta sunansa daga ɗan bayanin da ka yi masa, shi ne kantin. Ba Amazon ba ne ya iya wannan, ba kuma bulo da siminti ba.

Matafiyi_Sannu:
Ni tambayata ma ita ce, har yanzu kantin tsofaffin littattafai ne? Ka shiga ƙofa, abin da zai tare ka jakunkunan yadi ne masu tambarinsu, da safa, da kofuna, da teburan sababbin littattafai. Har sayar da littafi suke yi da awon ƙafa, mai kuɗi ya ce a cika masa kanta da masu jan bango don ado, ko masu shirya fim su yi haya. Wanda ya sayi littafi don launinsa ya dace da labule, shi ma jama'a ne?

Gimbiyar_Karatu:
Kuɗin jakar ne ke barin tsohon littafin tarihi ya zauna a ƙasa yana jiran Kawu. Ni ban ga laifi ba. Kuma waɗanda ake sayarwa don ado, da ina za su? Injin niƙa takarda.

Hajiya_Laburare:
Akwai wani abu da ya faru a 2019 da ya haɗa maganganunku duka. Hukumar adana gine-ginen tarihi ta birnin ta ce za ta sa ginin Strand cikin waɗanda doka ta kare. Kowa ya zaci karramawa ce. Nancy ta ce ba ta so, domin daga ranar ko taga za ta canza sai ta nemi izini, kuɗin gyara ya ƙaru. Ta kuma yi ƙorafin cewa a daidai lokacin ne birnin da jihar suka yi wa Amazon alkawarin rangwame na kusan dala biliyan 3 don ya kafa ofis a Queens. Amazon ya janye a watan Fabrairu, amma hukumar ta zartar da nata a watan Yuni. Abin lura, masu son adana unguwar suna goyon bayan hukuma, marubuta da dama suna bayan mai kanti, kuma dukkansu cewa suke don Strand suke yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma su ma 'yan unguwa suna da hujja: dokar ta kare ginin, ba ta kare sana'ar da ke ciki ba. Gobe magada za su iya ba banki haya, bangon waje na nan yadda yake.

Alƙalami_Ya_Bushe:
Hajiya, kin ga ke nan ko hukumar ma gini ta sani.

Ɗalibar_Tarihi:
Ko kuma gini kaɗai take da ikon karewa. Ba ɗaya ba ne.

Uwar_Marayu:
Ni maganar magaji da Hajiya ta kawo tun farko ita ta tsaya min. Uku sun yi: kaka, ɗa, jika. In na huɗu ya ce shi likita zai zama, ya sayar da benen nan ya huta, wane layi ne zai hana shi?

Akanta77:
Babu. Kuma a lissafi ba za a ga laifinsa ba.

Ƙwadago_Haƙƙi:
Sai dai in ma'aikatan za a sayar wa. Ana yin haka a wasu kantunan.

Alƙalami_Ya_Bushe:
Da wane kuɗin?

Baban_Biyu:
Kawu Mai Tasi, kekunan wajen har yanzu dala ɗaya ne? Ɗana na can karatu, ina so in tura shi.

Mai_Tasi_Bronx:
Sun ɗan hau, amma da sauƙi har yanzu. Ka ce ya sauka a tashar Union Square ya gangara Broadway, ba nisa. Ya je ranar aiki da safe, Asabar ba wurin tsayawa. Kuma ya tafi da jakarsa, in ba haka ba zai sayo tasu, Matafiyi ya ce ya shiga sahun 'yan ado.